Gammon ƙashin baya: a yi walda ko a sa na ƙarfe?

Wannan rubutu an kwafo shi ne daga muryar da aka naɗa ta wata lacca da wani likitan tiyatar ƙashi ya yi wa jama'a. An rage maimaici da doguwar gaisuwa, sauran kuwa an bar shi yadda ya faɗa.

Assalamu alaikum warahmatullah. Iyayena maza da mata, malamaina, 'yan'uwa, barkanmu da war haka. Shugaban taro ya yi mini kirari har na fara waige-waige in ga ko wani ake nufi. Allah ya saka da alheri. Na can baya, murya tana isowa? To, madalla.

Abin da ya sa na zaɓi wannan batu shi ne wata tambaya da ta yi yawa a ɗakin duba marasa lafiya. Mutum zai shigo da babbar ambulan ta hoton MRI a hammata, ko gama gaisawa ba mu yi ba sai ya ce, "Likita, an ce faifan bayana ya goce. Na ji a Indiya ko Masar ana cire shi a sa sabo. Nawa zan tanada?" Ka ga tun daga gida ya yanke hukunci, wataƙila ma ya riga ya sa gona a kasuwa. Abin da bai tambaya ba shi ne, shin yana cikin waɗanda aka ƙera abin nan dominsu? Wannan tambayar da ba a yi, ita nake so mu zauna a kanta yau.

Bari in fara da abin da kowa ya sani. Duk wanda ya taɓa ɗaukar tulu ko dammin dawa ya san gammo. Ba ka ɗora kaya a kan tsurar ƙoƙon kai, sai ka naɗe tsumma ka sa a tsakani. To Allah ya riga mu. Ƙashin bayan ɗan Adam ba sanda guda ba ce, ƙasusuwa ne 33 aka jera kamar an ɗora ƙore a kan ƙore: 7 a wuya, 12 a gadon baya inda haƙarƙari ke kamawa, 5 a tsatso, sauran na ƙasa kuma sun manne da juna. A tsakanin waɗanda ke motsi akwai gammo guda 23. A asibiti mukan ce faifai, amma ni yau gammo zan riƙa cewa, don ya fi kama da aikinsa.

Wannan gammo kashi biyu ne. Kewayensa zare ne mai tauri, layi a kan layi, kowane layi ya gitta na kusa da shi, kamar yadda za ka gani in ka yanka tayar mota. Tsakiyarsa kuwa wani abu ne mai danƙo, wanda yawancinsa ruwa ne. Shi ya sa in ka auna tsawonka da asuba, ka sake aunawa da dare, za ka tarar ka ragu da wajen santimita ɗaya ko fiye. Nauyin yini ya matse ruwan, in ka kwanta ya sake tsotsowa. Kuma a jikin babban mutum jijiyar jini ba ta shiga tsakiyar gammon nan. Abincinsa tsotsa yake yi daga ƙashin sama da na ƙasa, kamar soso. Abin da jini ba ya isa gare shi sosai, in ya yage ba ya saurin warkewa. Mai shan taba kuwa yana ƙara toshe ɗan abin da ke isa.

Nawa ne nauyin da yake ɗauka? A 1999 wani mai bincike a Jamus, Hans-Joachim Wilke, shi da abokan aikinsa suka sa na'urar awo a cikin gammon tsatson wani mutum mai rai da lafiya. Da yana tsaye kawai, matsin da ke ciki ya kai wajen ninki biyu na iskar tayar ƙaramar mota. Da ya sunkuya ya lanƙwasa baya ya ɗauki kaya mai kilo 20, matsin ya haura wajen ninki goma na iskar taya. Kilo 20 fa, ko rabin buhun siminti bai kai ba. Ku tuna da 'yan dako a kasuwa.

Da shekaru suka ja, tsakiyar nan takan bushe, gammo ya lotsa, kewayensa ya fara tsagewa. Wani lokaci danƙon ciki ya ɓullo ta tsagar ya danne jijiyar da ke fitowa daga laka. In a tsatso ne, sai ka ji zogi yana bin ɗuwawu, ya gangara cinya har tafin ƙafa. In a wuya ne, sai ya bi kafaɗa zuwa yatsu, da sagewa, wani har kofin shayi ya riƙa suɓuce masa. To a nan ina so in gyara wata kalma. Gammo ba ya gocewa. A manne yake da ƙashi sama da ƙasa, gam. Fashewa yake yi, abin ciki ya fito. Saboda haka duk wanda ya ce maka kwanta in taka bayanka in mayar da shi gurbinsa, ba abin da zai mayar. Ba raina masu ɗori nake yi ba, a gidanmu ma akwai su, amma wannan ba karaya ba ce.

Sai maganar hoto. Jama'a, hoton MRI yana tsorata mutane fiye da ciwon kansa. A 1994 aka ɗauki mutum 98 a Amurka waɗanda bayansu bai dame su da komai ba, aka yi musu hoton. Kashi 52 cikin 100 an ga gammonsu ya kumburo a wani wuri. Waɗanda aka samu dukkan gammonsu lafiya lau kashi 36 ne kacal. Wani nazari na 2015 da ya tattara binciken da aka yi a baya ya nuna cewa a cikin marasa ciwo, kashi 37 cikin 100 na 'yan shekara 20 suna da alamar lalacewar gammo, 'yan shekara 80 kuwa kashi 96. Ni nakan ce wa marasa lafiyata furfura ce ta ciki. Furfura ba cuta ba ce. Ba hoto muke yi wa aiki ba, mutum muke yi wa. Kuma mafi yawan waɗanda gammonsu ya fashe ya danne jijiya, cikin mako 6 zuwa 12 sukan samu sauƙi da magani da gashi da motsa jiki, domin jiki da kansa yakan shanye abin da ya ɓullo.

Waɗanda suka rage, waɗanda aka yi haƙuri aka yi magani abin ya ƙi, su ne ake yi wa zancen wuƙa. A nan tarihi zai taimaka mana.

Tun 1911 wasu likitoci biyu a birnin New York, Russell Hibbs da Fred Albee, kowa a nasa ɓangaren, suka fara haɗe ƙasusuwan baya su zama ɗaya. Tarin fuka na ƙashin baya suke yaƙa da shi a lokacin. Albee daga ƙashin ƙwaurin majiyyaci yake yanko ɓalli ya dasa a baya. A 1934 William Mixter da Joseph Barr a Boston suka nuna cewa fashewar gammo ce ke kawo zogin nan mai bin ƙafa, kuma in an cire abin da ya fito akan samu sauƙi. A shekarun 1950 kuma Smith da Robinson a Baltimore, da Cloward a Hawai, suka koya wa duniya shiga wuya ta gaba, a cire gammo, a cusa ƙashi a gurbinsa, ƙasusuwan biyu su haɗe. Wannan aiki ni walda nake ce masa, don kowa ya gane. Gaɓa tana ciwo in ta motsa, to a kashe motsin.

Kada wani ya fita daga nan ya ce likita ya kushe walda. Aiki ne mai kyau, har gobe shi aka fi yi a duniya. Shahararren ɗan wasan golf ɗin nan, Tiger Woods, an yi masa walda a ƙasan tsatso a watan Afrilu na 2017, a Afrilun 2019 ya ci gasar Masters. Amma akwai abin da ya daɗe yana damun likitoci. In leburori biyar suna sauke mota, ɗaya ya zauna, buhunan ba su ragu ba, sauran huɗun ne za su ji a jikinsu, musamman na kusa da shi. A 1999 Alan Hilibrand da abokan aikinsa suka bi sawun waɗanda aka yi wa walda a wuya, suka ga kusan mutum 3 cikin 100 a kowace shekara suna dawowa da sabon ciwo a gaɓar maƙwabta, wato wajen mutum ɗaya cikin huɗu a shekara goma. Har yanzu ana gardama: waldar ce ta jawo, ko kuwa dama mutumin da gammonsa ɗaya ya tsufa sauran ma suna hanya? Ni a ganina duka biyun suna da hannu. Amma daga wannan damuwa ce tunanin ya fito: in ana canza gwiwa da ƙugu, me zai hana a canza gammo a bar gaɓar tana motsi?

Wanda ya fara gwadawa da yawa wani likita ne a Suwidin, Ulf Fernström, wanda ya wallafa sakamakonsa a 1966. Me ya dasa? Ƙwayar ƙarfe mulmulalliya, kamar ta boris. Makanikai na nan, kun gane. Da farko abin ya yi kamar zai yi. Amma ɗauki ƙwayar boris ka sa tsakanin sabulu biyu ka yi ta dannawa, me zai faru? Nutsewa za ta yi. Haka aka yi, a yawancin mutanen ƙwayar ta nutse cikin ƙashi, don duk nauyin jiki ya taru a kan ɗan wuri kamar bakin allura. Aka watsar. Amma an koyi darasi: duk abin da za a sa, dole ya zama mai faɗi, ya baza nauyi.

Sai labarin da na fi so. A gasar Olamfik ta birnin Munich a 1972 akwai wata yarinya 'yar Jamus ta Gabas, Karin Janz, 'yar wasan alkafura da lilo a kan sanduna, ta ci zinare biyu. Ta karanci likitanci, daga baya ta zama likitar ƙashi a asibitin Charité da ke Balin ta Gabas, aka san ta da Karin Büttner-Janz. Ita da wani babban likita, Kurt Schellnack, suka zauna suka zana gammon farko na zamani, aka fara dasa shi a jikin mutum a 1984. Ni dai ban yi mamaki ba da ya kasance wadda ta san daɗin lanƙwasa baya ce ta ƙi yarda a kashe motsi. Fasalinsa mai sauƙi ne: faranti biyu na ƙarfe, ɗaya ya kama ƙashin sama, ɗaya na ƙasa, a tsakiya kuma wata roba mai tsananin tauri, irin wadda ake sawa a ƙugun roba, tana zamewa gaba da baya. Na farko farantin ya yi ƙanƙanta yana nutsewa, na biyu yana tsagewa, sai na uku a 1987 ya tsaya da ƙafarsa. A Faransa kuma, a birnin Montpellier, Thierry Marnay ya ƙera nasa mai suna ProDisc, wanda ya yi wa wani tudu kamar ƙayar kifi da ke shiga cikin ƙashi ya riƙe, ya fara dasawa a 1990.

Daga nan kuɗi suka shigo. A 2003 kamfanin Johnson & Johnson ya sayi kamfanin da ke da gammon nan na Balin, wanda aka sa wa sunan asibitin, Charité, a kan dala miliyan 325. A watan Oktoba na 2004 hukumar FDA mai kula da magunguna a Amurka ta amince da shi, ProDisc na tsatso ya biyo baya a 2006. Aka yi ta yayatawa kamar ciwon baya ya zo ƙarshe. To ba girin-girin ba, ta yi mai. Gwajin Charité da aka kai wa hukumar, na mutum 304, abin da ya nuna shi ne sabon gammon bai gaza walda ba. Ku lura da kalmar: bai gaza ba. A 2007 inshorar gwamnatin Amurka ta tsofaffi ta ce ba za ta biya wa wanda ya haura shekara 60 wannan aiki na tsatso ba. Zuwa wajajen 2012 Charité ɗin ma an daina sayar da shi.

Akwai gwajin da nake so ku riƙe, don ba da walda aka gwada ba. A Norwe, aka wallafa a 2011. Mutum 173 masu daɗaɗɗen ciwon tsatso aka raba biyu ta hanyar ƙuri'a. Rabi aka sa musu gammon ƙarfe, rabi aka sa su a tsari na motsa jiki da horo da cire tsoron motsi, ba wuƙa. Bayan shekara biyu 'yan tiyata sun ɗan fi samun sauƙi, gaskiya ne, amma tazarar maki 8 da ɗoriya ce a ma'aunin da ke da maki 100, alhali masu binciken tun farko sun ce sai ta kai 10 za su kira ta babbar tazara. Kuma a cikin 'yan tiyatar mutum ɗaya ya rasa ƙafa, bayan da robar ta goce aka koma gyara, jijiyar jini ta samu matsala.

Me ya sa tsatso ke da wuya haka? Na farko, ta ciki ake shiga, ba ta baya ba. A tsaga ƙasan cibiya, a ture hanji gefe, sannan a janye manyan jijiyoyin jini biyu da ke sauka zuwa ƙafafu, waɗanda ke kwance daidai a kan ƙashin. Shi ya sa sau da yawa sai an gayyato likitan jijiyar jini ya buɗe hanya. Shiga ta farko da sauƙi a kan ta biyu, domin bayan aiki tabo yakan manne jijiyoyin nan da ƙashi. Sannan, iyaye ku gafarce ni, akwai wasu siraran jijiyoyi a wurin waɗanda in aka taɓa su a jikin namiji, maniyyi kan koma mafitsara maimakon ya fito, abin da ke shafar haihuwa. Ba kullum ba, amma dole a gaya wa saurayi kafin ya sa hannu.

Na biyu, kuma wannan ne babba. Kowace gaɓa ta ƙashin baya murhu ce mai duwatsu uku. Gammo a gaba, sai wasu ƙananan gaɓoɓi biyu a baya, dama da hagu. In dutse ɗaya ne ya fashe ka canza shi, tukunya ta zauna. In kuwa na bayan nan biyu su ma sun cinye, sun yi amosani, ka kawo sabon dutse na zinare ka sa a gaba, tukunya ba za ta zauna ba. Ka ma ƙara wa mutum ciwo, tunda ka dawo da motsi a gaɓar da motsi ke yi wa zafi. Ciwon tsatso kuwa sau da yawa ba ma iya nuna yatsa mu ce ga dutsen da ke ciwo. Zai iya zama nama, zai iya zama gaɓar kwatangwalo, zai iya zama damuwa da rashin barci sun ƙara masa wuta.

A wuya labarin ya sha bamban, kuma a nan ne abin ya yi albarka. An fara a Ingila, a asibitin Frenchay da ke Bristol, inda Brian Cummins ya sa aka ƙera wata gaɓa ta ƙarfe zalla a ɗakin ƙere-ƙeren asibitin, aka fara dasawa a 1991. Daga ita aka samo gammon da ake kira Prestige, wanda Amurka ta amince da shi a 2007. Wani gammon mai suna Bryan ya zo a 2009, Mobi-C na Faransa a 2013, shi ne na farko da aka yarda a sa a gaɓoɓi biyu a jere. Me ya sa wuya ya karɓa? Kai kilo 5 ne ko ƙasa da haka, ba rabin jiki ba. Sannan a wuya yawanci mun san mai laifi: ga gammo ya danne wannan jijiya, ga yatsun da suka sage, hoto da jiki sun yi magana ɗaya. Kuma hanyar shiga ita ce dai wadda likitoci suka saba da ita tun shekarun 1950.

Ga yadda ake yi. A tsaga gaban wuya a kan layin fata, tsawon ɗan yatsa. A ture maƙogwaro da hanyar abinci gefe ɗaya, babbar jijiyar jini ɗaya gefen, sai ga ƙashi. A kwashe gammon duka, a share duk abin da ya danne jijiya ko laka. Ku ji da kyau, wannan sharewar ita ce maganin ciwon hannun. Ƙarfen da za a sa cike gurbi ne kawai. Sai a auna, a sa gammo mai kaurin milimita 5 zuwa 7, ana duba hoto don ya zauna a tsakiya cif. Bayan farantin an yi masa kaushi da ƙarfen titaniyam don ƙashi ya tsiro ya kama shi. Yawanci tsakanin ƙashi na 5 da na 6 ne, ko na 6 da na 7. Mutum ya kwana ɗaya ko biyu ya tafi gida. Haɗiya takan yi wuya na 'yan kwanaki, wani muryarsa ta dishe, galibi ta dawo.

Gwaje-gwajen da aka bi mutane shekara 7 zuwa 10 sun nuna cewa a wuya, ga wanda aka zaɓa daidai, sakamakon ya yi daidai da walda ko ya ɗan fi, kuma waɗanda ake sake yi wa aiki sun fi kaɗan. Sai dai in faɗa muku tsakani da Allah, yawancin gwaje-gwajen nan kamfanonin da ke sayar da kayan ne suka biya kuɗinsu. Ba na cewa ƙarya ne, amma mai tuwo ba ya kushe miyarsa. Wani abin da ya ƙara wa aikin suna shi ne rigimar Jack Eichel, ɗan wasan hoki na ƙanƙara a Amurka. Shi yana son gammon ƙarfe, ƙungiyarsa ta Buffalo ta ce sai walda, har aka sayar da shi ga ƙungiyar Vegas. Aka yi masa a Nuwamban 2021, bayan wata uku ya koma fili, a 2023 suka ɗauki kofi.

Amma kada a ɗauka an samu irin na Allah. Yawancin waɗannan na'urori motsi suke bayarwa, ba sa lotsawa su shanye jijjiga kamar na halitta. An gwada na roba mai laushi tun da daɗewa, robar ta riƙa yagewa. Wani lokaci jiki da kansa yakan tsiro da ƙashi ya lulluɓe na'urar har ta daina motsi, ka ga ka biya kuɗin motsi ka samu walda mai tsada. Wani lokaci ta nutse, ko ta gusa. Garin da ke fita in roba da ƙarfe suna gugar juna shekara da shekaru yakan sa ƙashin kusa ya zaizaye. Kuma ɗan shekara 35 da aka sa wa yau, muna fata ya kai 80, alhali na wuyan nan ba a daɗe haka ana bin sawunsu ba. Shi ya sa duk wanda aka yi wa, sai ya riƙa dawowa ana duba shi.

To su wa aka ƙera wa? Mutum mai matsakaicin shekaru, mai ƙwarin ƙashi, gaɓa ɗaya ko biyu ce ta lalace, duwatsun baya lafiya, gaɓar tana motsi, kuma an yi magani na aƙalla mako 6 in wuya ne, wata 6 in tsatso ne, bai yi ba. Wanda ƙashinsa ya yi laushi, ko ƙashi ya zame a kan ɗan'uwansa, ko baya ya karkace, ko akwai ƙari ko ƙwayar cuta a wurin, ba nasa ba ne. Wannan na ƙarshen ya shafe mu ƙwarai. A ƙasar nan tarin fuka na ƙashin baya bai tafi ko'ina ba. Mutum yana ciwon baya, yana rama, yana zufa da dare, ga ɗan ƙusumbi ya fara fitowa, wannan maganin tarin fuka yake bukata na watanni, wanda kyauta ake bayarwa. Akwai kuma alamun da ba a kwana da su: fitsari ya riƙe ko ya riƙa zuba ba a sani ba, tsakanin cinyoyi ya sage, ƙafafu suna mutuwa, ko tafiya ta koma ta tangaɗi hannu ya kasa sa maɓalli. Wannan a tafi asibiti a ranar. Su kuma masu haɗiyar diklofenak da tiramadol kullum kamar gyaɗa, ƙoda da ciki suna nan suna lissafi.

Shugaba yana nuna mini agogo. A kawo tambayoyi.

Wani dattijo ya tambaya ko wanda aka yi wa aikin zai iya ruku'u da sujada.

Baba, Allah ya ƙara lafiya. Zai iya, in sha Allahu, ko walda ce ko gammon ƙarfe. Makonnin farko ne zai yi salla a zaune har likitansa ya sake shi. Yawancin sunkuyon ruku'u daga ƙugu yake fitowa. Juya kai na sallama kuma, kusan rabinsa daga ƙasusuwa biyu na can sama yake, waɗanda ba su da gammo a tsakaninsu ma, kuma aikin ba ya taɓa su.

Wata baiwar Allah ta ce mahaifiyarta tana da shekara 68, bayanta ya ranƙwafa, 'ya'ya sun haɗa kuɗi za su fitar da ita a canza mata faifai.

Hajiya, Allah ya yi muku albarka da kuka tsaya wa mahaifiya. Ban gan ta ba, ba zan yanke hukunci daga nan ba. Amma a shekarun nan, mace da ta daɗe da daina al'ada, abin da na fi zato shi ne ƙashi ya yi laushi, wataƙila wani ya lotsa, duwatsun baya kuma sun cinye. Ku tuna da ƙwayar boris da sabulu. Ku fara kai ta a auna ƙwarin ƙashinta, likitan ƙashi ko na laka ya duba ta a nan gida, ko a asibitin ƙashi na Dala ko a asibitin koyarwa mafi kusa da ku. In ma aiki take bukata, zai yiwu na buɗe wa jijiya hanya ne, ba wannan ba.

Wani matashi ya ce shi an riga an ba shi rana a waje, me ya kamata ya tambaya, kuma ƙarfen zai yi ƙara a filin jirgi?

Ƙanena, na filin jirgi ƙaramin abu ne, wani ya yi ƙara wani bai yi ba, ka riƙe takardarka. Hoton MRI ma yawancinsu ana iya yi da su, sai dai ƙarfen yakan dusashe hoton daidai wurin, saboda haka ka gaya wa mai ɗauka. Abin da za ka tambaya: wace gaɓa ce, kuma me ya tabbatar musu ita ce mai ciwon? Ƙananan gaɓoɓin baya fa, an duba su? Shi likitan, guda nawa ya taɓa sawa da hannunsa? In an shiga aka ga ba zai yiwu ba, za a koma walda, ka yarda? Kada ka baro can sai da sunan na'urar, da kamfaninta, da lambarta, da girmanta, a rubuce, da bayanin aikin da hotunan bayan aiki. An taɓa kawo mini wani bawan Allah da aka yi wa aiki a waje, wuya ya kumbura, ba takarda ko ɗaya sai rasit. Muka yi ta juya hoto muna cankar wane iri ne, domin kowane kamfani da irin kayan cire nasa. Kuma tun kafin ka tafi, ka samu likita a nan wanda ya yarda zai riƙa duba ka in ka dawo, ka ba shi lambar na can.

Na ji an fara kiran Magariba. Mai sauran tambaya ya same ni a bakin ƙofa bayan salla, amma don Allah kada a miƙo mini ambulan a cikin masallaci. Wassalamu alaikum.